Yadda Ake Zama Gwanin Murɗa a Teburin Mudi

Kai mai son a san da zamanka a teburin sunuka, wasan nan na zungura ƙwallaye cikin rami da sanda, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, kafin a gama karyar masarar bana sunanka zai kai Bakori, ya zarce Tsiga, har a Malumfashi sai an yi hirarka. Ban ce za ka ci wasa ba, suna na ce. Shaidata Maitama ne, dillalin hatsi a kasuwar Funtua, wanda ya bi hanyar nan tun daga farko har ƙarshe, kuma har yau in ya gifta sai an nuna shi da baki.

Mataki na 1: Raina tsakiya

Farar ƙwallo, wadda ake zungura da sanda ta je ta bugi sauran, tana da tsakiya tana da gefe. In ka buge ta a tsakiya sai ta tafi inda ka nufa, ta tsaya inda kake zato. To ina abin burgewa a nan? Ko akuya aka ba sanda za ta yi haka. Kai gefe za ka riƙa duka, hagu ko dama, ta tafi tana juyi, in ta daki bangon tebur ta fanɗare ta nufi inda ita kanta ba ta shirya zuwa ba. Wannan shi ne murɗa. Maitama yakan ce mai bugun tsakiya da mai tura amalanke duk ɗaya ne, gaba kawai suka sani.

Mataki na 2: Zaɓi tebur ɗaya, ka liƙe masa

Maitama bai taɓa wasa a ko'ina ba sai a rumfar Mudi, bayan kasuwar hatsi, kusa da mai shayi. Teburin Mudi yana da ƙafa ɗaya gajera. Tun ranar da aka kawo shi Mudi ya cusa mata totuwar masara, totuwar kuwa ta daɗe da lotsewa.

A kan teburin nan, in Maitama ya buga gefe a hankali, sai ka ga ƙwallo ta taho, ta karkata kamar babur zai kauce wa kwata, ta gangara ramin teburin da ke wajen mai shayi. Sai ya miƙe ya dubi jama'a: "Kun dai gani da idonku."

Mahassada za su ce teburin ne ya karkace, ko goro ka ajiye a kai can zai gangara. Kada ka saurare su. Mai hassada ba ya ganin gwaninta, ƙafar tebur yake kallo.

Mataki na 3: Ci alli

Shafa wa bakin sanda alli har sai masu jira sun fara tsaki. Kanne ido ɗaya. Zagaya teburin, ka ce wa wanda ko kusa da kai ba ya tsaye ya matsa. In shuɗin alli bai ɓata maka gaban riga ba, ba ka fara ba.

Mataki na 4: Tanadi uzuri tun kafin ka buga

Mai dukan gefe yana yawan kuskure, domin ƙwallon takan ɗan goce tun daga tashi. Wannan ba laifinka ba ne. Motar auduga ce ta wuce ta girgiza ƙasa. Mai shayi ne ya yi tari. Maitama ya taɓa ɗora laifin a kan wata kaza da ta kalle shi.

Mataki na 5: Tsokani taubashinka

Gwani ba ya cika sai da abokin karawa, kuma babu wanda ya kai taubashi daɗin kayarwa, tun da shi ko ka ci masa fuska ba a kai ƙara. Na Maitama shi ne Shitu, ɗan Gwaggo Ladidi ta Bakori, mai baki kamar reza. Tun suna yara Maitama yake kiransa bawansa. Wata ranar kasuwa Shitu ya kawo dawa, ya biyo ta rumfar ya tsaya kallo.

"Bawana, ka zo koyo ne?" in ji Maitama.

"Na zo ganin ikon Allah ne, ɗan Kawu. An ce mini a Funtua ƙwallo na yin kwana ba sitiyari."

"Ku a Bakori ina kuke duka?"

"Tsakiya mana. Mu inda za mu muke zuwa."

Kafin shayi ya huce an ƙulla magana a gaban shaidu: kasuwa mai zuwa za su kara, wanda aka ci zai je gonar ɗan'uwansa ya karye masa masara tas. Gonar Shitu kuwa, in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan. Maitama ya yi dariya har da buga cinya, don ya tabbata shi zai ci, ga shi kuwa rabonsa da aikin gona tun yana saurayi.

Mataki na 6: Karrama baƙo

Nan ne ake gane ɗan babban gida. Ana gobe wasa Maitama ya zo duba wuri, idonsa ya sauka a kan totuwar nan, sai kunya ta kama shi.

"Haba Mudi! Baƙi za su zo daga Bakori, su koma su ce mutanen Funtua a kan totuwa suke wasa? Cire ƙazantar nan. Nemo magini ya daidaita shi, ni zan ji da shi."

Mudi ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi mai shayi, mai shayi ya dubi tukunyarsa. "To, yadda ka ce," in ji Mudi.

Mataki na 7: Kada ka sauya hali a gaban jama'a

Ranar wasa rumfa ta cika, har 'yan dako sun ajiye buhuna. Maitama ya buga gefe a hankali, ya miƙe yana jiran kwana. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar, ta wuce ramin mai shayi ko gaisuwa babu. Ya sake, ta sake. Ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya ga bulo da siminti a inda totuwa take. Sai a lokacin ya gane wane ne gwanin rumfar nan tun da can, ga shi kuma da bakinsa ya sa aka kore shi.

Amma Shitu ma ba wani gwani ba ne, surutu ya fi yawa. Aka yi ta fama har ya rage baƙar ƙwallo kaɗai, wadda duk wanda ya jefa ta ya ci. Ga ta a bakin rami, ga fara a saitinta, kuma bugun Maitama ne. In ya taɓa tsakiya kawai, Shitu ne zai kwana a gonar Maitama. Ya sani sarai. Har ya saita sandar a tsakiya.

Sai jama'a suka ɗauka: "Murɗa! Murɗa!"

Shitu ya ce, "Buga irin ta Bakori mana, ɗan Kawu, ba wanda zai faɗa."

Maitama ya gusar da bakin sanda zuwa gefen dama. Fara ta goce, ta wuce baƙa ko shafarta ba ta yi ba, ta daki bango. Nan fa, karon farko a rayuwarsa, murɗar ta yi aiki da gaske: ƙwallon ta fanɗare, ta ratsa tebur, ta faɗa ramin mai shayi. A ƙa'ida kuwa, in farar ta faɗa rami ana neman baƙa, an ci mai bugun ke nan. Ni da na gani na ce ban taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin wannan ba.

Mataki na 8: Cika alkawari, ka tsinci darasi

Maitama ya je Bakori. Ya karya masara har tafin hannunsa ya yi kanta, Shitu na zaune a inuwa yana kiran masu wucewa su zo su ga ubangida a bakin aiki. Da aka gama, tausayi ya kama Gwaggo Ladidi.

"Sannu ɗan nan. Bari a auna maka masara ka kai wa iyali."

"A'a Gwaggo, bar masarar. Totuwa nake so, mai kauri."

"Totuwa? Itace ya yi tsada a Funtua ne?"

"Wani tsohon abokin aikina zan mayar bakin aikinsa."

Gargaɗi

Ni dai suna na yi maka alkawari, kuma Maitama ya samu. Ciwon baya, kantar hannu da dariyar taubashi duk naka ne, babu ruwana. In kuma Mudi ya kama ka kwance a ƙarƙashin teburinsa da guduma a hannu da totuwa a aljihu, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Ni tsakiya nake bugawa.