Mutum-mutumin Gonar Su Nura

Da kaka abin ya same ni. 'Yan uwana biyu sun zo hutu daga Legas, ba su taɓa ganin dawa a tsaye ba. Na ce su tashi mu bar unguwarmu Kawo, in kai su Rigachikun, gonar su Nura, wanda zan aura. Sau ɗaya na taɓa zuwa, amma na shige gaba ina bayani kamar ni na shuka.

Yamma ta yi lumui. Zangarniya na lilo a hankali, rana ta shafa mata ja, ƙamshin gasasshiyar masara na tasowa daga nesa. Ni kuwa har na fara ganin kaina amarya a cikin gonar.

Sai ga wani abu tsaye a gefe, ya ba mu baya, da tsohuwar riga da malafa, ko motsi babu.

"Mutum-mutumi ke nan, na korar tsuntsaye," na ce, na juya ga ɗayarsu. "Ke Ummi, yi sauri ki ɗauke ni hoto."

Na rataya masa jakata a kafaɗa, na gyara gyale.

Mutum-mutumi ya ce, "Allahu Akbar," ya yi ruku'u. Baban Nura ne, yana la'asar.

Ummi ta kwasa da gudu tana salati. Ni na durƙusa nan, ina jin aure ya tashi. Da ya sallame, ya karkaɗe jakar ya miƙo min. "Sannunku da hanya, 'yata."

An yi auren. Amma har yau in na je gidan, ƙannen Nura sai su juya baya su sandare, su ce, "Matarmu, ga kafaɗa, rataya."