Rigata Ta Rasu, Kuma Ba Za Ta Zama Tsumma Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, ni Ɗalhatu Mijinyawa, mai gadi a wani dogon bene a unguwar West Bay ta birnin Doha, nake sanar da 'yan ɗakinmu na Al Asmakh da sauran 'yan'uwa rasuwar rigata mai lamba tamanin da huɗu. Ta cika ranar Juma'a da hantsi a cikin injin wanki, bayan doguwar jinyar hammata.

An haifi marigayiya a Jamus. Na same ta a gwanjo a Gusau, na ɗauka rigar ƙwallon ƙafa ce. Na yi ta zuwa gidan kallo da ita, samari suna tambayata wane kulob ne 'yan wasansa ke da kafaɗu kamar ƙofar gari. Lokacin ban iya karatu ba, kuma da na shiga yaƙi da jahilci da furfura a gemu, rubutun ƙirjinta ya gagare ni, ya gagari malamin.

Sai a Doha na san asalinta. Wani dattijo Bajamushe ya tsayar da ni a lambun Aspire, ya riƙe hannunta, idonsa ya ciko. Na zauna na saurare shi har la'asar. Ashe ta ƙwallon Amurka ce, wadda ake runguma a gudu, ana sa sulke a kafaɗa. Amurkawa ne suka kafa gasa a Turai, suna turo samarin da ba su samu gurbi a gida ba, su zo su nuna kansu a baƙuwar ƙasa. Kaɗan aka kira gida. A shekarar 2007 masu abin suka rufe gasar, aka bar 'yan kallo da riguna. Ni ma na san abin da ake kira jiran a kira ka gida.

Marigayiya ba ta taɓa zuba ba. Ta sha gumin watan Agusta ba ta yi ƙorafi ba. Muryarta a kan igiyar shanya ita ce “fat, fat, fat”. Kalmarta ta ƙarshe: “ƙyaaat”.

Ta rasu ta bar singileti biyu, wandon atisaye gurgu, da hangar da ba wata riga da za ta cika ta.

Yanzu ga magana. Tun gawa ba ta bushe ba, Sagiru direba ya ce khalas, shi ke nan, yadin zai yi kyau a gilashin motar kafil ɗinsa, wato ubangidansa. Jiya na tsinto ta a bokitinsa. Sagiru, ɗan ƙanena, masu kuɗi sun binne gasarta, ban da iko. Wannan kuwa ina da iko. Rigar da ta sa dattijo hawaye ba za ta goge kashin tattabara ba.

Za a yi mata wankan hannu ranar Juma'a mai zuwa, ba injin da zai sake taɓa ta. Za a naɗe ta a farin yadi, Abdul-Rahman mai tafiya hutu ya raka ta Gusau, uwargida Fausatu ta kwantar da ita a ƙasan adakarta. Ana karɓar gaisuwa a gefen gadona bayan sallar la'asar, akwai shayi. Sagiru ma yana iya zuwa, amma hannayensa a aljihu.