Ruwan da Ba Ya Gudu

Shekara ta uku ke nan da fari ya kama Masarautar Dawa. A Lardin Yamma tafki ɗaya ya rage, Tafkin Kurna, wanda jakuna ke sha tun kaka da kakanni. Ana cikin haka Kura Makau, Ministan Ruwa, ya sa aka kewaye shi da ƙaya, wai za a yi gyara. Gyaran kuwa shi ne iyalansa su yi wanka a ciki, jakuna na leƙe ta shinge.

Kande, tsohuwar jaka mai jagorancin garken, ta kai ƙara kotun lardi. Alƙali Damo ya saurare ta da ido ɗaya a rufe, ya buɗe kundin tsarin mulki. Kundin ya ce ruwa mai gudu, wanda ke ratsa larduna, hurumin Babbar Kotun Tarayya ne; ruwan da ke kwance kuma na kotun lardi. Tunda wani ɗan rafi na zuba a Kurna da damina, Damo ya ce ba ruwansa, ta nufi babban birni.

Kwana tara ta yi a hanya. Mai Shari'a Ungulu Tunau ya karɓe ta da fara'a, ya yaba da haƙurinta, ya ɗage zama zuwa bazara. Da bazarar ta zo ya tura a dubo, aka tarar rafin ya ƙafe. Sai ya girgiza sanƙonsa cikin alhini.

"Baiwar Allah, ruwan nan a kwance yake. In na taɓa shi na ƙetare iyakata. Koma lardi."

Haka aka yi ta buga ta tsakanin kotu biyu. Duk dawowarta sai ta tarar garken ya ragu, abin ya ci mata rai har kuka ya daina zuwa mata.

Maganar ta kai majalisar Sarki Zaki. Makau ya miƙe, gashinsa na ɗigar ruwa, ya ce babu mai jin zafin halin da talakawa ke ciki kamarsa.

"Ranka ya daɗe, gwamnatin nan mai bin doka ce. Magana tana gaban kotu, ba za mu sa baki ba. Amma ina tabbatar wa 'yan'uwana jakuna, ruwa na nan tafe."

Majalisa ta tafa. Sarki ya yi hamma, ya kafa kwamiti.

A shekara ta biyar ta farin aka yi sa'a yayyafi ya sauka ranar zama, rafin ya ɗan motsa, Tunau ya rasa hanyar zillewa. Ya yanke hukunci mai shafi sittin cewa tafki na jakuna ne. Sai dai a shafin ƙarshe ya bayyana cewa aikin kotu faɗa ne, cire ƙaya aikin ma'aikatar ruwa ne. Wato Makau.

Kande ta kai takardar bakin shinge. Kurayen da ke gadi suka karanta cikin ladabi, suka ce Minista na nazari. Ta dubi jakunan da suka rage, ba su kai ashirin ba, harshe a waje. Ta juya baya ta zabga wa shingen harbi, ƙaya ta watse, garken ya afka ruwa.

Kafin azahar an gurfanar da ita a gaban Tunau, wanda ya taso takanas ta sama ya kafa zama a bakin tafkin. Kotun da ta yi shekara biyu tana neman iyakarta ta gano cikin rabin yini cewa ikonta ya kai ko'ina in an taɓa kayan gwamnati. Shekara bakwai a ɗaure.

Aka tambaye ta ko tana da abin cewa. Ita ba ta ko sa baki a tafkin ba aka kama ta.

"Ranka ya daɗe, a ba ni ruwa in sha."

Tunau ya dubi kaskon ruwan da ke gabansa, ya dubi kundi, ya ce wannan ruwan a kwance yake, ta nemi kotun lardi.

Jakunan gwamnati, waɗanda suka ɗauko kujerun alƙalai da kundayensu daga kotun lardi, suna tsaye a gefe da sauran kaya a bayansu, suna ji. Na farko ya karkata da gangan, kayan bayansa suka zube ƙasa. Sannan na biyu.