Rasuwar Hedifon Mai Kunne Ɗaya da Rabi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon allon kwamfuta, Tela, a madadin yayansa Direba da sauran mutanen gida, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu kawo ɗinki cewa baƙin hedifon ɗinsu ya ce ga garinku nan ranar Talata bayan azahar, a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli. Ya shekara bakwai a duniya, uku cikin ƙoshin lafiya, huɗu cikin wata jinya da ya ɓoye wa kowa. Sai bayan rasuwarsa maiɗakin Tela ta raɗa masa sunan da ke saman wannan takarda.

Wanda bai san gidan ba zai ce, to, don hedifon? Ai kasuwa cike take da su. An riga an faɗa wa Tela wannan magana sau tara, saboda haka duk mai niyyar zuwa ta'aziyya da ita, don Allah ya bar ta a gida.

Ga yadda abin yake. Yaya direban babbar mota ne, shekara ashirin da shida yana kan titi, har ciwon suga ya cinye masa ido. A shekarar da ya ajiye makulli matarsa ta rasu. Ya dawo ɗakin da ke bayan shagon ƙaninsa ya kwanta, fuska ga bango, abinci sai an yi da gaske. 'Yarsa nas ce, ta kawo magani, ta yi lallashi, ta yi kuka, ko gezau. Wata rana Tela ya ci karo da wasan tuƙin babbar mota a kwamfutar da yake duba samfurin ɗinki. Ya ce a ransa, mutumin da yake gane ciwon inji da kunne tun bakanike bai buɗe bonet ba, me zai hana shi tuƙi da kunne?

Marigayi a lokacin ba shi da aikin da ya wuce toshe wa Tela ƙarar keken ɗinki. Daga ranar ya samu babban matsayi. Wasan ya zo da sautukansa, amma don masu ido aka yi su. Tela ya koyi buɗe cikin wasan, yana zaƙulo fayilolin sauti ɗaya bayan ɗaya, ya cire na kamfani ya sa nasa. In taya ta kusa gefen titi na hagu, tsakuwa ta yi ƙara a kunnen hagu, in na dama ne ta yi a dama. Aikin bai yi masa baƙunta ba, don yanka ne da haɗi da rage baki, kamar yadda ake yi wa wando. Fayil ɗari shida da goma sha biyu ya yi cikin shekara huɗu, a ɗan tsakanin azahar da la'asar da masu ɗinki ba sa zuwa, kuma babu ko ɗaya da bai bi ta kunnuwan marigayi ba.

An shaidi marigayi da haƙuri. Ya sha gumin mutum biyu bai taɓa ƙorafi ba. Fatar kunnensa ta zazzage, Tela ya ɗinka masa sabuwa da ƙyallen wata rigar makaranta, shuɗiya, ya karɓa ba girman kai. An taka wayarsa, ƙafar keke ta murɗe ta, an naɗe ta da salatif a wuri uku. Kuma shi mai riƙon asiri ne. Bai taɓa gaya wa Yaya cewa birkin iskan nan da yake yabawa, mai cewa "tsss", dutsen guga ne a kan jiƙaƙƙen yadi ba. Bai faɗa masa cewa "ƙas, ƙas, ƙas" ɗin sigina almakashin Tela ne ba.

Muryar baƙuwar matar da ke sanar da kwana a cikin wasan, an cire ta an sa ta maiɗakin Tela. Sau arba'in aka ɗauki kalma ɗaya, wai Tela bai gamsu ba. Na arba'in ɗin shi Yaya ya zaɓa, kuma har ya bar duniya marigayi bai daina isar da shi ba a duk kwanar hagu: "Hagu. Hagu! Wai sau nawa zan ce hagu, tukunyata na kan wuta!"

Amma abin da ya sa ake wannan sanarwa shi ne fayil na arba'in da ɗaya. Saƙon murya ne na matar Yaya, Allah ya jiƙanta, wanda Tela ya kwaso daga tsohuwar wayar Yaya kafin wayar ta faɗa bokitin wanki. Daƙiƙa tara ne kacal, kuma ban da shi babu muryarta a ko'ina a duniya. Tela ya sa shi a daidai inda ake tayar da mota, ya karkatar da shi kunnen hagu, don ta tagar direba take tsayawa ta yi wa mijinta sallama. Kullum bayan la'asar Yaya zai sa hularsa, ya ɗora marigayi a kanta, ya kama sitiyarin roba, ya danna. Marigayi kuwa sai ya faɗa masa a hankali: "Ka karya kuwa? To, Allah ya kiyaye hanya. Ka kira in ka isa, kada ka bar ni da zaman jira." Yaya ya ce "To." Ya yi tuƙin awa ɗaya, ya sauka, ya nemi abinci da bakinsa.

Game da jinya, kunnen hagu ne ya fara mutuwa, a hankali ƙwarai, yadda mai sawa kullum ba zai lura ba. Tela ya ji tsakuwar hagu ta yi rauni, ya ɗauka fayil ne bai yi ƙarfi ba, ya ƙara masa. Bayan wata shida ya sake ƙarawa. Sababbin da yake yi kuma yana auna su da kunnen da ke kan hanyar lahira. Ga kuma halin tela, in ya rage riga to rigar ya rage, ba ya ajiye wata a gefe. Duk gyaran da ya yi, a kan na asali ya adana shi. Wani mai irin wannan aiki ya taɓa rubuta masa cewa a riƙa ajiye kwafi, ya karanta, ya gyaɗa kai, aka kawo ɗinkin biki ya manta. Fayil na arba'in da ɗaya ya fi kowanne shan hannu, don duk ranar da Yaya ya ce yau kamar ta yi nisa, Tela sai ya koma ya matso da ita. Sau goma sha ɗaya ya yi haka.

Ranar Talata Tela yana gyaran ƙarar ruwan sama, marigayi ya ce "ƙirrr", ya yi shiru, ya ce "tas". Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Aka garzaya da shi wurin mai gyaran rediyo da ke ƙarshen layi. Ya kwance shi, ya hura, ya haska da fitilar waya, ya girgiza kai. Ya ce na dama yau ya mutu, amma na hagu ya fi shekara uku yana aiki da rabin rai, kuma an daina ƙera irinsa. Ya haɗa gawar a leda ya miƙo.

Da yamma nas ta kawo sabo, fari sol, lafiyayye, kunnuwansa biyu daidai wa daida. Tela ya sa, ya rufe ido kamar yadda ya saba gwaji. Tsakuwar hagu ta faɗo masa kamar tifa na juye kaya, ta dama kuwa sai ka kasa kunne. Sau uku yana jefa motar a rami kafin ya fita daga tasha. Ya je inda ake daidaita hagu da dama a kwamfuta ya ja, abin ya ƙi, don kowane fayil da irin karkatarsa, gwargwadon shekarar da aka taɓa shi. In ya daidaita na bana, na bara ya ɓace. Sai ya daure ya danna na arba'in da ɗaya. Kai! Muryar ta fashe. Ƙarin da ya yi ta yi mata ya wuce abin da za ta ɗauka, ta fito da ƙarfi tana tsagewa, kamar ana ihu ta cikin gwangwani. Ko an rage ƙarar, tsagewar tana nan. Raunin marigayi ne ya rufe wannan ɓarna duk shekarun nan. Tela ya cire hedifon ya ajiye, ya zauna yana kallon hannuwansa. Ya ji kunya, ya ji tsoro, kuma gajiyar shekara huɗu ta sauko masa a wuya lokaci guda.

Kwana biyu yana wa yayansa ƙarya. Ranar farko ya ce sabon bai dace da kwamfutar ba. Rana ta biyu ya ce ana jiran wata waya. Yaya ya koma ɗaki ya juya fuska ga bango, kwanon abinci ya fara dawowa yadda aka kai shi. Nas ta tsaya a ƙofar shago tana kallon baffanta, shi kuma ya duƙufa a kan wani wando da ba a yi masa gaggawarsa ba.

Marigayi ya bar magada kamar haka: kwamfuta ɗaya mai yawan tari, sitiyarin roba da hannun Yaya ya goge wa fenti, makirufo sanye da safar ƙafa don tare iska, da marayun fayiloli ɗari shida da goma sha biyu, duk masu kallon hagu. Ya kuma bar Tela, wanda bayansa ke ciwo tun kafin a fara wannan magana.

Ranar Alhamis bayan la'asar Yaya ya fito yana lalube bango, da hularsa a kai. Ya zauna a kujerarsa ya miƙa hannu.

"Ba ni sabon."

Tela ya durƙusa gefensa ya faɗi gaskiya duka, har da zancen kwafin da bai ajiye ba. Ya ce, "Yaya, na lalata ta. Da hannuna. Gara kada ka ji."

"Ba ni, na ce."

Ya sa, ya danna. Har daga inda Tela yake ana jiyo ta: "KA KARYA KUWA?" Kan Yaya ya ɗan kauce dama. Daƙiƙa tara suka cika, bai ce "To" ba. Ya ce a sake, aka sake. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, Tela ya sunkuyar da kai, ashe dariya ce, ga hawaye na bin gemu.

"Ita ce. Wallahi ita ce! Kai ka taɓa jin matar nan ta yi magana a hankali? Inji na ruri, ita tana bakin taga tana ƙwala mini kira har 'yan tasha na waiwaye. Wancan mamacin ne ya mayar mini da ita mai sanyin murya, shekara huɗu ina jin nauyin gaya maka. Wannan kada ka sake ka taɓa shi. Sauran kuwa ka gyara, don ba zan yi tuƙi dutse na zubo mini a kunne ba."

Ya sa giya, ya faɗa rami tun bai fita tasha ba, ya zagi titin, ya tambayi abin da aka dafa.

Saboda haka za a yi jana'izar marigayi ranar Asabar da safe, a cikin shago. Za a naɗe shi da ragowar farin yadi, a sa shi a aljihun keken ɗinki na ƙasa, tare da maɓallan da suka rasa 'yan uwansu. Ba a buƙatar gudummawar hedifon, akwai. Masu ɗinki a hannun Tela su ƙara haƙuri, fayil ɗari shida da goma sha ɗaya ne a gabansa, yana kan na tara, kuma yanzu kowanne sai ya ajiye kwafinsa biyu kafin ya taɓa, bayan aikin gama ya gama. An sanar da maiɗakinsa cewa za ta sake cewa "hagu", ta ba da amsa, amma amsar ba ta shiga takardar ta'aziyya.

Za a karɓi gaisuwa daga hantsi zuwa azahar. Bayan la'asar kada kowa ya ƙwanƙwasa. Maƙwabcin da ya jiyo ta bango wata mata na ihu a kira ta in an isa, wani dattijo kuma yana ɗaga murya yana cewa "To, na ji, ai na ji!", kada ya taso da gudu. Direba ne zai tashi mota.