Akwatin Sanyi Ya Sha Anko

Allah ya ƙara wa Sharfuddeen na Zagga ɗaukaka, mutumin da ruwa kaɗai ya taɓa kayar da shi a gardama. Wata shekara za shi haye kogin Neja, ya rantse mai ilimi irinsa ba ya zama a ƙasan jirgi tare da kwandunan kifi. Usuman mai jirgi ya ce, "Malam, jirgi bai san digiri ba, zamna ƙasa." Gogan ya ƙi, ya sa aka ɗora masa kujerar roba a goshin jirgi. Igiyar ruwa ta farko ta yanke hukunci. Hularsa ma ta riga shi isa gaɓa. Tun ranar muke kiransa Dakta Tsundum, shi kuwa rabin farkon kawai yake ji.

To, bana wata jami'a ta haɗa kai da asibitocinmu na Bagudo, ɗalibai su riƙa zama da ma'aikatan lafiya suna ƙera kayan aikin da suka dace da mu. Aka nemi shugaban riƙo na shirin. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Dakta ya karɓa da sharaɗi guda: in abin da aka fara ƙerawa ya yi aiki a gaban baƙin jami'a, kujera ta zama tasa dindindin.

Ɗaliban nan, Allah ya yi musu albarka, suka haɗa akwatin sanyi mai farantin sola a murfinsa, don allurar rigakafi ta kai ƙauyukan bakin kogi ba ta lalace ba. Gudummawar Dakta kuwa jawabi ce. Ya yi a Kende, ya yi a Kurgu, ya yi a gidan suna ba a gayyace shi ba.

"Jama'a," in ji shi, "kamin ni, ƙasag ga ba ta san sanyi ba sai na randa. Ni na kawo kimiyya Bagudo bisa kaina, ko gammo ban sa ba!"

Muka yi guɗa. Mu da aka yi wa alkawarin atamfa, me zai hana?

Atamfar ta zo kuwa, ankon bikin ƙaddamarwa, fuskar Dakta a kowane taƙi, yana murmushi kamar ango. Ni fuskar da ke tawa atamfar ta faɗo daidai mazaunai, a kansa na zauna har aka tashi taro. Yadin da ya rage, Dakta ya ce ba zai yiwu kowa ya sha kwalliya a bar amarya tsirara ba. Ya kai wa tela aka ɗinka wa akwati riga har da leshi, irin wadda muke sa wa talabijin, babbar fuskar a kan murfi. Ya zuba ƙanƙarar gwaji, ya sallami ɗalibai, ya hana kowa ɗaga rigar, wai kada baki ya kama, kada kuma 'yan tsallaken Benin su leƙa su kwaikwaya. Haka akwati ya yi ta zama a tsakar rana cikin sutura, kamar mai takaba.

Ranar biki makaɗa suka cika fili. Shugabar baƙin jami'a, Hajiya Dakta Mashkura, ta buɗe akwati ta tura hannu. Ta ciro shi da sauri tana yarfewa. Ruwan da ke ciki, wallahi mai jego za ta yi wanka da shi ta gode. Ta yaye rigar, ta kalli farantin sola, ta kalli fuskar da ta rufe shi, ta kalli mai fuskar.

"Akwati lafiyarsa lau," ta ce. "Shiri zai zauna a Bagudo. Shugaba ne za mu sake."

Dakta ya yi tsalle. Ya ce makirci ne, ya ce tela ɗan adawa ne. Hajiya ta ce, "Malam, kai ka tare wa akwati rana, mene ne abin musu?"

Sai ya gyara babbar riga, ya ɗaga hanci, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ɗauki kujerarku. Amma ku shaida, a garin ga duka, mutum guda ne rana ta kalli fuskatai ta kasa wucewa."