Dambun da Ya Tona Min Asiri

Ko me zan manta na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da bikin Falmata ƙanwar mijina ba, ranar da na tona wa kaina asiri da bakina a gaban matan Birni kaf. Har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse, ga shi kuwa na tsufa har haƙoran da suka jawo min abin sun zube.

A lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, suna can barikinsu, mu muna cikin Birni muna harkar gabanmu. Ni 'yar Zermu ce, aure ya kawo ni gidan wasu Barebari masu fataucin fata da gishiri. Mijina (sunansa ba ya fita daga bakina, ko yanzu da ya kwanta dama) shi ne ɗan fari a wurin uwarsa, wadda muke kira Iya. Mace ce mai kwarjini, ba ta da yawan magana, ni kuwa in ta shigo tsakar gida ko tari ba na iya yi.

To, sai ga ni da cikin fari. Ku 'yan yanzu da kuke tafiya awo kuna hira a hanya ba za ku gane ba. A zamaninmu cikin fari abin kunya ne. Ba kya gaya wa miji, balle uwarsa. Ki ɗaure zaninki tamau, ki ci gaba da daka da surfe, har ranar da abin zai fi ƙarfin zani. Wadda ta furta da bakinta kuwa an gama da ita, a ce ba ta da ta-ido, kuma sunan gidansu za a kira, ba nata ba. Ni da nake jin kaina 'yar gidan mutunci, na sha alwashin ba mai jin komai daga gare ni.

Mutum ɗaya ta gano ni, Gwaggo Hassu, yayar babana. Ta zo daga Zermu da tsarabar kuka da daddawa, ta dube ni sau ɗaya, ta ja ni ƙuryar ɗaki. Ba ta ambaci ciki ba, Allah ya ji ƙanta, sai dai ta shiga karanta min dokoki. Ban da ƙwai, don ɗa ya kan fito da ɗauke-ɗauke. Ban da zuma da rake da duk wani abu mai zaƙi, don zaƙi ya kan taru ya tare hanya ranar haihuwa. In sha kunun tsamiya, in ci tuwo da miyar kuka, in sha nono, in ci hanta in na samu. Na ce mata ai Bukar ƙanen mijina, wanda yake kuku a gidan kumandan, babban Nasaran bariki, ya ce matar kumandan ma ciki gare ta, kuma kullum safiya sai ta ci ƙwai, wani ma bai gama dahuwa ba. Gwaggo ta taɓe baki ta ce shi ya sa 'ya'yansu ke tasowa suna ɗauke ƙasar mutane.

Sai ta rage murya ta zo kan babbar doka. "Naman raƙumi kuwa, ko ƙamshinsa kika ji ki sake hanya. Taguwa shekara take yi da nata, har da ɗoriya. Wadda ta ci, haka za ta yi."

Wannan ce ta zauna min a rai. Na riƙa ganin kaina damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya zo, ina nan ina jan ciki, 'yan unguwa suna nuna ni da baki.

Ranar wunin biki gida ya cika. Dangi sun zo daga Takeita da Garagumsa, 'yan unguwar Zango sun shigo da guɗarsu, ƙamshin turaren wuta har waje. Aka zaunar da mu matan gida a rumfar Iya, aka fara shigo da akusa. Farko alkaki, yana ta naso da zuma. A nan ya kamata in faɗi gaskiya: duk Birni an san ni da alkaki. An taɓa kama ni ina lasar faifan da aka ɗauko shi, ina amarya. Amma ranar na kau da kai na ce haƙori ke damuna. Aka kawo nakiya, na ce haƙorin ne dai. Aka kawo dafaffen ƙwan zabi, na ce ban cika son sa ba. (Ni a raina ina yaba wa kaina wayo. Ban lura da yadda tsofaffin ke kallon juna suna gyara ɗaurin kallabi ba.)

Kafin la'asar yunwa ta fara nuna min yatsa. Mai ciki ce ni, tun safe kuma ba abin da ya shiga bakina sai ruwa. Ana haka aka dire wani babban akushi na dambun nama, ya sha man shanu da yaji da albasa. Na bi dokokin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Ba ƙwai ba ne, ba zaƙi, nama ne kawai na Allah da Annabi. Na ce bismilla.

Jama'a, na ci dambun nan. Wadda haƙori ya hana ta taɓa alkaki, ita ce ta naɗe hannun riga tana kai loma tana kora wata. Na ci rabona, na ci na maƙwabciyata da ta tashi yin alwala, har na fara kankare gefen akushi.

Ina cikin suɗe yatsa sai wata tsohuwa 'yar Zango ta yi gyatsa, ta shiga yaba wa mai gidan bikin. Ta ce Buzayen da ke kawo masa gishiri sun kyauta, da raƙuminsu ya karye a ƙafa ba su kai wa mahauta ba, suka yanka suka aiko gidan biki. Ta ce ita ta daɗe ba ta ci raƙumi mai maiƙo irin wannan ba.

Na tsaya da yatsa a baki. Na tambaye ta, a hankali, wane naman take nufi. Ta nuna akushin da ke gabana, wanda na bari fes kamar an wanke.

Abin da ya biyo baya ba ni na yi shi ba, bakina ne. Na miƙe tsaye, na dafe ciki da hannu biyu, na ce da iyakar muryata, "Wayyo Gwaggo! Shekara zan yi da shi ke nan?"

Mai guɗa ta haɗiye guɗarta. Sai a lokacin na ji abin da na faɗa, na kuma ga inda hannayena suke, na ga Iya zaune daf da ni tana gyara goro a faifai. Na sulale ƙasa na ja mayafi na rufe har goshi. Daga can baya wata ta fara ƙyalƙyalewa, sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Wata ta ce ashe haƙorin a ciki ya tsiro. Wata ta ce su tun wajen alkaki suka gama lissafi. Ina cikin mayafi ina kuka wiwi, rabi don kunya, rabi don shekarar da ke jirana, ina jin yadda gobe za a kai labari Zermu a ce 'yar gidan wane ta yi shela a gaban surukarta.

Ita Iya, bisa al'ada, bai kamata ta nuna ta ji ba. Cikin matar ɗan fari ne, ɗan da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ko a gabanta aka yi zancensa sai ta tashi. Kowa ya zaci tashin za ta yi. Sai ta ci gaba da jera goronta, ba ta dube ni ba, ta yi magana kamar da faifan take.

"A gaya wa mai kukan nan ta share hawayenta. Ni ma na ci, da cikin wancan yaron. Har ƙari na nema. Watansa tara ya fito."

Sai kallo ya koma kanta. Tsofaffin da suka yi zaman amarci tare da ita suka yi mata caa, wai yau Iya ce da bakinta take zancen cikin ɗan fari, ashe ana daɗewa a ji abin mamaki. Suka tasa ta gaba da tsiya har magariba, ta rufe fuska da gefen mayafi kamar yarinya, aka manta da ni sarai. Labarin da ya zaga Birni washegari nata ne, nawa ɗan rakiya ya zama. Na daɗe kafin in gane da gangan ta yi, kuma daga ranar na so matar nan so na haƙiƙa.

Yaron ya zo a kan lokacinsa, lafiya lau, sai dai dogayen ƙafafu da har yau abokan wasansa ba su bar shi ya huta ba. Jikokina yanzu lokotoro, wato likita, ke ce musu su ci ƙwai, suna ci, ban kuma ga wanda ya haifi ɓarawo ba. In sun tambaye ni me mai ciki za ta kiyaye, nakan ce su tambayi masu ilimin abin. Ni abin da na sani guda ne: ki tambayi sunan nama kafin ki ci, in kuwa kin riga kin cinye, to ki kama bakinki.