Barmo da Dogonmarke Uku

A ƙauyen Dogonmarke akwai wani mutum, Barmo, da matarsa Lantana da tsohuwarsa Inna Kande. Barmo ba ya musu, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta. Ƙauyen na da mutum uku da suka yi suna a birni: likita, alƙali da ɗan dambe. Kowannensu da sunan garin ake kiransa.

Wata rana haƙori ya hana Inna cin tuwo. Lantana ta ce, "Malam, kai ta wajen Dogonmarke. An ce nan take yake cire haƙori." Likitan take nufi. A tashar birni Barmo ya tambayi inda zai sami Dogonmarke mai cire haƙori nan take, aka nuna masa gidan dambe.

"An ce kana cire haƙori," in ji Barmo.

Ɗan damben ya dubi hannunsa. "Jiya ma uku na cire."

"To ga Inna, ɗaya kawai muke so."

Inna ta riga shi isa mota.

Wata rana jakin maƙwabci ya cinye masa dawa. Lantana ta ce, "Kai kukanka wajen alƙali Dogonmarke." Barmo ya juye kukar miyar gidan kaf a buhu, ya dire gaban alƙali ana tsakiyar shari'a.

"Ranka ya daɗe, ga kukata."

Alƙali ya yi atishawa har rawani ya goce. Sati guda gidan Barmo tuwo gaya ake ci.

Wata rana mutanen uku suka yi alkawarin haƙa wa ƙauyen rijiya, don mata tun asuba suke tafiya neman ruwa. Sai aiki ya tsaya: kowa ya ce sunansa za a fara rubutawa a allon rijiyar, in ba haka ba ya janye. Maigari ya gaji, ya ce cikin gatse, "To a rubuta sunansu, a sa kowa a farko mana."

Barmo na wurin. Ya miƙe sai shagon mai fenti, ya ce a rubuta sunan mutanen uku a allo.

"Wanne zan fara sawa?" in ji mai fenti.

"Sunansu aka ce. Ai ɗaya ne."

Aka kafa allo: RIJIYAR DOGONMARKE.

Likita ya karanta, ya gyaɗa kai. Alƙali ya ce an yi adalci. Ɗan dambe bai iya karatu ba, aka karanta masa, ya ce, "Na san ba za su yi gangancin tsallake ni ba."

Kafin damina ruwa ya fito.